Ina Za Mu Aje Usyk?

A fitowar da ta gabata ta wannan ɗan littafi namu, wani ɗan'uwa daga Damagaram ya rubuta cewa tun da aka fara damben Turawa ba a taɓa yin gwani a ajin masu nauyi kamar Oleksandr Usyk ba. Ya ce Ali ya zo ya wuce, Tyson ya zo ya wuce, wanga ɗan Yukren shi ne ƙarshen magana. Na karanta sau biyu, na ninke takardar na sa aljihu, da hutu ya zo na kai wa kawuna a Maraɗi. Idonshi ba ya ganin ƙananan rubutu yanzu, sai na zauna ina karanta mashi. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce, "Wanga yaro da ya rubuta, shekarunai nawa?" Na ce ba zai wuce 22 ba. Ya ce, "To shi ke nan." Ya juya ya ci gaba da murɗa rediyonshi.

Ni kuwa "to shi ke nan" ba ta ishe ni ba. Kawu ya bi damben Ali da George Foreman a rediyo, ranar 30 ga Oktoba 1974, wajen ƙarfe 4 na asuba, su da yawa sun kewaye akwati ɗaya. Bai ga ko naushi ɗaya da idonshi ba sai bayan shekaru, amma har gobe in yana ba da labarin turmi na 8 sai ka rantse yana Kinshasa bakin igiya. Ni kuma Usyk na gani, a gidan kallo, na biya kuɗina na zauna kan banci har tsakar dare. Kowannenmu yana kare daren da ya hana shi barci. Kuma bari in faɗi gaskiya tun yanzu, ina son Usyk, na so a ce ɗan'uwan nan na Damagaram ya yi daidai. Bai yi ba. Sai dai shi ma kawu bai yi ba.

Abin da ke ɓata gardamar nan a fada shi ne tambaya biyu ce ake cuɗawa wuri ɗaya. Ta farko, in an haɗa su a fage ɗaya, kowa yana ganiyarshi, wa zai kashe wa? Ta biyu, wa ya fi cika aiki a cikin mutanen da Allah ya haɗa shi zamani da su? Ta farkon ta fi daɗi wajen shan shayi don babu mai iya ƙaryata ka. Ta biyun ce ake iya bi da lissafi. Amma zan fara da ta farkon, don akwai wani abu a cikinta da ban ji kowa ya faɗa ba a fadarmu.

Shekara da shekaru ana cewa tsofaffin zakaru ƙanana ne, in sun zo yau taka su za a yi. Maganar ba ta rasa tushe ba. Rocky Marciano wajen kilo 85 yake shiga fage. Joe Louis wajen 90. A yau mai wannan nauyi ajin da ke ƙasa da na masu nauyi zai shiga, wanda iyakarshi kilo 90 da ɗan ɗoriya, ajin da ma ba a ƙirƙiro shi ba sai 1979. Lennox Lewis da ƴan Klitschko biyu sun zo da tsawon kusan mita 2 ko fiye, Tyson Fury kuma aka ce mita 2 da santi 6 ne. Sai aka yanke hukunci cewa zamanin ƙarti ya zo, wanda bai kai kilo 110 ba ya nemi wata sana'a.

To ga Usyk. Tsawonshi mita 1 da santi 91. Ana gobe damben 18 ga Mayu 2024 a Riyad ya hau ma'auni da kilo 101, Fury da 119. Yanzu ɗauko Ali: mita 1 da santi 91, kilo 98 a Kinshasa. Jiki ɗaya ke nan, bambancin bai kai nauyin tiya biyu ta gero ba. Ashe duk wanda ya ce Usyk ya kayar da ƙartin zamani da ƙafa da numfashi da kai, ya ba Ali shaida bai sani ba, don su ne kayan aikin Ali, kuma hannunshi ya fi sauri. Ɗan'uwanmu ya ɗauko Usyk don ya binne tsofaffi, sai ga shi Usyk ɗin ne ya tono su. Har ranar haifuwarsu ɗaya, 17 ga Janairu, Ali a 1942, shi a 1987, ko da yake wannan ba hujja ba ce, abin sha'awa ne kawai.

Yanzu in yaba, don abin yabo ne. Usyk bahago ne, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kallon dambenmu na gargajiya ya san wahalar bahago. Amma ba hannun hagun ne abin kallo ba, ƙafar dama ce. Kullum tana neman ta faɗa waje da ƙafar gaban abokin karonshi. In ta samu wurin, shi yana iya bugunka, kai kuwa sai ka juya kafin ka gan shi sosai, kafin ka gama juyawa ya sake matsawa. Hannunshi na dama ba ya tsayawa, yana lilo, yana taɓa safarka, yana yi kamar zai kawo bai kawo ba. Kowace taɓawa sai ka ɗaure jiki ka shirya. Mutum mai kilo 119 da ke ɗaure jiki sau ɗari a minti 3, ba a buge shi ba amma ana cin numfashinshi. Shi ya sa damben Usyk ke da fasali ɗaya kusan kullum: turamen farko karatu yake, na tsakiya wani lokaci a hannun abokin karo suke, daga na 7 ko na 8 sai ka ga kamar an sauya mutum, alhali ba shi ya ƙara gudu ba, wancan ne mai ya ƙare mashi.

Haka aka yi da Fury. A turamen tsakiya Fury ya samu hanya, yana kai wa ciki, yana ɗago naushi daga ƙasa, a na 6 ya girgiza shi sosai. A gidan kallonmu masu Fury har sun fara tsokana, wani na bayana yana cewa a kawo wa ƙaramin ruwa. A na 8 jini ya ɓalle a hancin Fury. A na 9 hagu ta same shi daidai, ya tafi yana tangaɗi daga igiya zuwa igiya, Usyk na bin shi, har igiyar kusurwa ta tallabe shi alƙalin fage ya shiga ya ƙirga. Ƙararrawa ce ta fitar da shi. Ban taɓa jin ɗakin nan ya yi irin wannan ihu ba, har mai gidan ya fito yana roƙo a bar maƙwabta su yi barci. Sai dai mu riƙe wannan: alƙalai biyu sun ba Usyk, 115 da 112, 114 da 113, na uku ya ba Fury 114 da 113. Maki ɗaya na faɗuwar nan ne ya raba gardama. A karo na biyu, 21 ga Disamba 2024, duka ukun suka ba shi 116 da 112, wannan kam babu ƙura.

Wani abin da nake girmamawa ya fi wannan. Mutumin nan a gidan mutane ya ci kusan duk abin da ya ci. A ajin da ke ƙasa, ya karɓe kambu daga hannun Głowacki a Polan a 2016, ya doke Marco Huck a Balin, ya doke Mairis Briedis a Riga, garinsu, ya je Mosko a Yuli 2018 ya haɗe ɗamara huɗu a kan Murat Gassiev, shi ɗan Yukren, a lokacin da ƙasashen biyu ke zaman doya da manja. Ya je Mancesta ya kwantar da Tony Bellew. Da ya hau ajin masu nauyi, a Landan ya ƙwace ɗamarun Anthony Joshua ranar 25 ga Satumba 2021, gaban dubban mutanen Joshua. Wanda ya san yadda alƙalai ke jin ihun ƴan gida zai san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma shi ne na farko da ya haɗe kambun masu nauyi wuri ɗaya tun bayan Lewis a 1999.

To me ya hana in bi ɗan'uwanmu? Lissafi.

Zuwa daren 19 ga Yuli 2025, da ya kwantar da Daniel Dubois a turmi na 5 a Wembley, Usyk ya yi dambe 8 ke nan a ajin masu nauyi. Takwas, da mutum biyar. Chazz Witherspoon, Derek Chisora, sai Joshua sau biyu, Dubois sau biyu, Fury sau biyu. Damben kambu 6 ne, da mutum uku, dukansu ƴan Ingila. Joe Louis ya riƙe kambu daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25. A shekarar 1941 kaɗai ya kare shi sau 7, wato a wata goma sha biyu ya yi abin da ya fi duk damben kambun da Usyk ya yi a ajin. Na san za a ce da yawan waɗanda Louis ya doke a shekarar ba wasu ba ne, ƴan jaridar Amurka na lokacin ma sun yi masu ba'a. Gaskiya ne. Amma a cikinsu akwai Billy Conn da ya kusa raba shi da kambun, kuma duk wanda ya hau fage sau 25 da mutanen da suka zo da niyyar cire mashi kai, dole wata rana ya hau da zazzaɓi, ko da hannu mai ciwo, ko da rigimar gida a zuciya, ko ya haɗu da wanda salonshi bai dace da nashi ba. Wannan jarrabawa ce daban da cin babban dambe ɗaya a shekara bayan wata uku na shiri. Larry Holmes ya kare nashi sau 20. Wladimir Klitschko, wanda kowa ke cewa kallonshi na sa barci, sau 18 a jere. Usyk bai zauna wannan jarrabawa ba.

Ba laifinshi ba ne, na yarda. Ya shigo ajin yana da shekara 32, bayan ya daɗe a damben da ba na kuɗi ba har ya ci zinare a wasannin Olamfik na Landan a 2012. Kuma sana'ar ta lalace: ƙungiyoyi huɗu, WBA, WBC, IBF, WBO, kowace da ɗamararta da wanda take so a kara da shi, ga masu shirya wasa da gidajen talabijin kowa na jan nashi. Daga 2019 zuwa 2024, shekara ɗaya ce kawai ya yi dambe biyu. Ɗamarun da ya haɗe a Riyad ma ba su yi wata biyu tare ba ya saki ta IBF, sai da ya sake bin ta. Amma rashin laifi ba ya zama maki. In ɗalibi bai zauna jarrabawa ba don motarsu ta lalace a hanya, muna tausaya mashi, ba ma rubuta mashi 20 bisa 20.

Sai maganar su wa ya doke. Nan ne na fi jin nauyin bakina, don raina Joshua da Fury kamar raina abin da na gani ne da idona. Amma mu duba. Joshua, Andy Ruiz ya kayar da shi sau huɗu ya tsayar da shi a Yuni 2019 kafin ya haɗu da Usyk, Dubois kuma ya shimfiɗe shi a turmi na 5 a Satumba 2024. Fury gwani ne, ban musa ba, amma sunanshi a kan abu biyu ya tsaya: Klitschko mai shekara 39 da ya doke a Jamus a 2015, da karo uku da Deontay Wilder, mutum mai hannun dama kamar guduma da ƙarancin komai bayan wannan. Wata bakwai kafin ya haɗu da Usyk, Francis Ngannou ɗan Kamaru, wanda bai taɓa damben Turawa na kuɗi ba a rayuwarshi, ya kai shi ƙasa a turmi na 3, da ƙyar alƙalai biyu suka cece shi. Yanzu jera na Ali: Sonny Liston sau biyu, Floyd Patterson sau biyu, Joe Frazier sau uku, Ken Norton sau uku, Foreman da ya tarwatsa Frazier da Norton kowanne cikin turmi 2, ga Jerry Quarry, Ron Lyle, Earnie Shavers. Waɗannan na ƙarshen ba su taɓa riƙe kambu ba, amma ni ban ga wanda zai ce da tabbaci Joshua zai wuce Lyle ko Shavers lafiya ba. Kuma a lokacin turmi 15 ake yi, ba 12 ba, sai bayan mutuwar Kim Duk-koo a 1982 aka fara ragewa. A nan dai Usyk ba zai yi asara ba, mai numfashi irin nashi ƙarin turmi uku kyauta ce.

Akwai kuma daren Wrocław, Agusta 2023, turmi na 5, da Dubois ya kai mashi naushi wajen ɗamarar wando ya zube. Alƙali ya ce ƙasa da ƙa'ida ne, ya ba shi kusan minti 4 ya huta. Na maimaita hoton nan a waya har ban san adadi ba. Wata rana in ga ƙasa ne, wata rana in ga a kan layi ne. Ya tashi ya gama da Dubois a na 9, ya kuma rufe bakin kowa a karo na biyu. Na kawo shi ne kawai don masu cewa bai taɓa shiga haɗari ba.

Babbar hujjar ɗan'uwanmu ita ce ba a taɓa doke shi ba, 24 babu faɗuwa zuwa Yuli 2025, Ali kuwa sau 5. Wannan hujja ce da ban taɓa yarda da ita ba, ko a kokowa. In ka zauna da tsofaffin Maraɗi suna gardamar Kantu da Issaka Issaka, ba wanda ke tambayar wa bai taɓa taɓa ƙasa ba, tambaya ita ce wa ka kayar, kuma da aka kayar da kai me ka yi. Marciano ya tafi da 49 babu faɗuwa, amma ya kare kambu sau 6 ne kawai, manyan da ya doke kuma sun tsufa, Louis na da 37, Jersey Joe Walcott 38, Archie Moore ya haura su. Ba kowa ke sa shi na ɗaya ba. Lewis an shimfiɗe shi sau biyu, Oliver McCall a 1994 da Hasim Rahman a 2001, ya dawo ya rama duka, ya bar fage babu mutum ɗaya da ya kara da shi bai doke shi ba. Louis, Max Schmeling ya kwantar da shi a 1936, a 1938 ya gama da shi cikin minti 2 da ƴan daƙiƙu. Biyu daga faɗuwar Ali kuwa na tsufa ne, 1980 da 1981, lokacin da bai kamata a bar shi ya hau ba. Kuma an cire mashi shekara uku da rabi, daga 1967 zuwa 1970, tsakiyar ƙarfinshi, don ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam. Ba na sa wannan a ma'auni don jarumtaka, kamar yadda ba na sa komawar Usyk Kiyef ya shiga cikin masu tsaron gari a 2022. Ina sa shi ne don Alin da ya doke Foreman da Frazier, Ali ne da ƙafarshi ta riga ta rage.

Wanda ya fi kama da Usyk a tarihi Evander Holyfield ne. Shi ma ya haɗe ajin ƙasa a 1988, ya hau ya karɓi kambun masu nauyi a 1990. Ya yi uku da Riddick Bowe, biyu da Tyson, biyu da Lewis, biyu da Michael Moorer. Ya fi Usyk yawan manyan dare nesa ba kusa ba, amma ya faɗi a da yawansu, kuma da ya haɗu da ƙato gwani, Bowe ya ci biyu cikin uku, Lewis ma ya fi shi. Usyk ya haɗu da ƙarti bai faɗi ba. Na daɗe ina juya su biyun. Na sa Usyk gaba da taki ɗaya, kuma in wani ya juya su ba zan yi faɗa da shi ba.

Inda za a yi faɗa da ni shi ne Mike Tyson. Mu duka da kaset ɗinshi muka tashi, yaro in ya ji ƙarfi a unguwa Tyson ake ce mashi, har karnuka an sa wa sunan. Ya ci kambu yana da shekara 20 a 1986, ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91. Ba a taɓa yin mai ban tsoro irinshi ba. Amma ku nuna mani dare ɗaya da aka matsa mashi, abin ya juya, ya nemo wata dabara ya dawo ya ci babban gwani yana ganiyarshi. Buster Douglas ya ƙi tsoro a Tokyo a 1990, ya faɗi. Holyfield ya ƙi tsoro, ya faɗi, karo na biyu ya koma cizon kunne. Lewis ya gama da shi a 2002. Holmes da ya doke yana da shekara 38 ne, ya fito daga hutu. Abin da Usyk ya yi tsakanin turmi na 6 da na 9 a Riyad, Tyson bai taɓa yin shi ba. Usyk na gaba da Tyson, kuma na rubuta na sa hannu.

Ga inda na tsaya. Ali da Louis suna sama, su biyu, kowa ya jera su yadda ya so. Bayansu Lewis, Holmes, da Foreman wanda ya dawo ya sake cin kambu yana da shekara 45 a 1994. Jack Johnson na 1908 ina ba shi wurinshi bisa amanar waɗanda suka rubuta, don ɗan hoton da ya rage nashi bai isa in yi hukunci ba. Usyk na bakwai, gaban Holyfield da Frazier da Marciano, gaban Tyson da ƴan Klitschko. In tambayar wa zai kashe wa ce, zan matsar da shi sama, don ban ga mutum biyar a tarihi da zan sa kuɗina a kansu ba in shi ne a ɗaya kusurwar. In kuma an haɗa duk abin da ya yi a aji biyu, to a zamaninmu babu kamarshi. Amma ɗan'uwanmu ajin masu nauyi ya ce, kuma a nan dambe 8 ne zuwa Yuli 2025.

Kafin in koma Yamai na sa wa kawu turmi na 9 a waya. Ya matso da ita kusa da ido, ya ce in maido, na maido, ya ce in ƙara. Sau uku. Sannan ya ce, "Ƙafafunai na da kyau. Wanga ya san abin da shikai." Na ce to na bakwai na sa shi. Ya tambayi su wa ke bayanshi, na lissafa. Da na zo kan Frazier ya ɗaga hannu. Ya ce mutumin da ya kai Ali ƙasa a turmi na 15 a 1971, ya kuma yi turmi 14 da shi a Manila ido a kumbure yana cewa a bar shi ya ci gaba, shi zan sa bayan wanda ya yi dambe takwas? Na ce Foreman ya kayar da Frazier sau shida a turmi biyu. Ya ce sau shidan kuma ya tashi. Muna nan har aka kira magariba, ya ɗauki butarshi. Na bar Frazier inda na sa shi, amma a takardata ta hannu akwai alamar tambaya da fensir a gefen sunan.